Ɗaga lamba zuwa pawa: me ake nufi, kuma yaya za a faɗa wa yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandare a Gwale. Idan na rubuta 2³ a allo, fiye da rabin ajin amsar 6 suke ba ni. Da Turanci sun iya rerawa, "tu res tu pawa tiri", amma ba su san abin da suke faɗa ba. Da na koma Hausa na ce "biyu sau uku" sai abin ya ƙara dagulewa. Wai mene ne ainihin ma'anar wannan "ɗagawa", kuma yaya ya kamata in riƙa faɗarta a aji?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Yaran nan da suke ba ki 6 ba su yi laifi ba, abin da kika tambaye su suka amsa. Duk Bahaushen da aka ce wa "biyu sau uku", daga mai kayan miya a Kasuwar Rimi har malamin jami'a, shida zai ce, kuma ya yi daidai. Tun firamare aka ɗora su a kan haddar biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu, har kalmar "sau" ta zama mallakar ninkawa. Saboda haka ki cire ta daga bakinki duk lokacin da kike karanta 2³. Ki ce "biyu pawa uku", ko in cikakkiyar jimla kike so, "an ɗaga biyu zuwa pawa uku". Pawa ta riga ta zauna a bakin malamai da ɗalibai a Kano, ita za su ci gaba da ji a babbar sakandare har su zauna WAEC da NECO, babu dalilin yi mata kishi.

Amma canza suna kaɗai ba zai fitar da ke ba, tunda sun iya sunan da Turanci ma kuma bai hana su cewa 6 ba. Aikin da ake yi ne ya ɓace musu. Idan kika gaji da rubuta 2 + 2 + 2, sai ki taƙaita ki rubuta 2 × 3, ki sami 6. Idan kuma 2 × 2 × 2 ne ya gajiyar da ke, sai ki taƙaita ki rubuta 2³, ki sami 8. Tarawa ce ake maimaitawa a ninkawa, ninkawa ce kuma ake maimaitawa a ɗagawa. Da ƙananan lambobi tazarar ba ta da yawa, tsakanin 6 da 8, shi ya sa yaro ba ya jin ya yi wani babban kuskure. Ki ba su 10 × 6 da 10⁶, sittin da miliyan ɗaya, ki tambaye su wanne suke so a tura musu a akawun. Kuma kada ki kuskura ki buɗe darasin da 2², don 2 + 2 da 2 × 2 da 2² duk 4 suke bayarwa. Wanda bai gane komai ba ma zai ci, ya tafi gida yana ganin ya iya.

Akwai wani bayani da yake yawo a azuzuwanmu, wai 2³ na nufin "a ninka biyu da kanta sau uku". Ni ban yarda da shi ba, ke ma ina ba ki shawara ki bar shi. Ki ƙirga alamar ninkawa a 2 × 2 × 2, guda biyu ce, ba uku ba. Yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ta bi maganar yadda aka faɗe ta za ta ɗauki 2, ta ninka da 2 ta sami 4, ta sake ta sami 8, ta yi na uku ta sami 16, ki kuma zo ki sa mata jan biro alhali abin da aka ce ta yi ta yi. A 2¹ abin ya fi muni: biyu da aka ninka da kanta sau ɗaya ai 4 ce, amma amsar 2 ce. Ana isowa 2⁰ kuwa sai bayanin ya rushe baki ɗaya, malami ya koma cewa "doka ce, ku haddace, duk lambar da aka ɗaga zuwa sifili ɗaya ce". A irin wannan ranar ce yara da yawa suke yanke wa lissafi hukunci, su ɗauke shi abin da ake haddacewa ba a tambayar dalili.

Gyaran ɗan kaɗan ne. A fara daga 1. Ɗaga 2 zuwa pawa 3 shi ne a ɗauki 1, a ninka shi da 2, a sake, a kuma sake. Ɗaya ya zama 2, ya zama 4, ya zama 8. Aikin ninkawa uku cif, kamar yadda ƙaramar lambar ta faɗa. Pawa 1, aiki ɗaya, an sami 2. Pawa sifili, ba a yi aikin komai ba, ɗayan da aka fara da shi yana nan yadda yake. Babu abin haddacewa a ciki. In wata ta ɗaga hannu ta ce me ya sa daga 1, ba daga sifili ba, ki yaba mata, don tambayar mai kyau ce. Kowane aiki da inda yake farawa. Mai tarawa daga sifili yake tashi, saboda ƙara sifili ba ya canza komai. Mai ninkawa daga 1 yake tashi, saboda ninkawa da 1 ba ta canza komai. Wanda ya fara ninkawa daga sifili zai kwana yana yi bai bar sifili ba.

Gobe in Allah ya kai mu ki sa kowa ya yago falle ɗaya daga littafinsa. Kafin a taɓa shi ki tambaya: gida nawa ne a jikin takardar nan? Ɗaya. Ki rubuta 2⁰ = 1 a gefen allo, kada ki yi wani bayani tukuna. A ninke ta biyu, baki ya haɗu da baki, a murza karin da farce, a buɗe: gida biyu. A mayar, a ƙara ninkewa a kan ninkin farko, a buɗe: huɗu. Kafin na uku ki dakatar da su, kowa ya faɗi hasashensa, ki rubuta. Masu cewa shida za su fi yawa, mutanenki ne na jiya. Sai a ninke, a buɗe, kowa ya sa yatsa ya ƙirga gidajen da karin ya fitar. Takwas. Babu mai yi miki musu a kan abin da ya ƙirga da yatsansa. A ci gaba, 16, 32, 64. Wajen ninki na shida ko na bakwai takardar za ta ƙi, ki ga 'yan bayan aji sun sa haƙori da gwiwa, don a na bakwai kaurin falle 128 suke nema su haɗa. A nan za ki jefa musu wannan: kaurin falle ɗaya wajen kashi ɗaya cikin goma ne na milimita. Da za a iya ninke shi har sau 42, zai zama falle 2⁴², sama da tiriliyan huɗu ke nan, kaurinsa kusan kilomita 440,000. Tsakaninmu da wata kuwa kimanin kilomita 384,000 ne. Ba za su yarda ba, gara ma kada su yarda. Ki bar su su je su gwada da kalkuleta.

Sai dai ki yi hattara da "ninki" a nan. A bakin ɗan Kantin Kwari, in ya ce kuɗin atamfa ya yi ninki uku, abin da yake dubu goma ne ya koma dubu talatin. A takarda kuwa ninki uku gida takwas ne. Duka Hausa ce mai kyau, amma ɗaya ninkawa ce, ɗaya ɗagawa, kuma gara ki faɗa musu ƙarara kafin su cakuɗa su da kansu.

Yanzu yadda ake sa kalmar a jimla. Me ake ɗagawa? Yara da yawa, har da wasu malamai, suna zaton ƙaramar lambar ce, tunda ita suke gani a maƙale a sama. A'a. A 5², biyar ake ɗagawa, biyun tana faɗin matakin da aka kai ta ne kawai. Don haka "ɗaga 5 zuwa pawa 2" ake cewa, ba "ɗaga 2 a kan 5" ba. Wannan "a kan" ɗin ma wata rigima ce, domin "biyu a kan biyar" ko "biyu bisa biyar" a kunnen ɗalibi 2/5 ne. Babbar lambar ta ƙasa ni tushe nake kiranta. Wasu suna cewa gindi, ma'anar kuma ta yi, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji biyu ya san da kalmar ta fita darasin ya ƙare. Ƙaramar ta sama ita ce pawa, ita littattafansu suke kira indes, jam'inta indisis, wanda shi ne sunan babin. Za ki kuma ji ana amfani da pawa ga sakamakon kansa, a ce "8 pawar 2 ce", ko tambaya ta ce "rubuta 81 a matsayin pawar 3", ana nufin 3⁴. Wannan ba kuskure ba ne, amma ki jinkirta shi sai sun zauna daram a kan ma'anar farko.

Tushe da pawa ba sa musayar wuri. A ninkawa 2 × 3 da 3 × 2 duk ɗaya ne, yara sun saba da wannan rangwamen, sai su ɗauko shi su kawo nan. To 2³ takwas ne, 3² tara. 2¹⁰ ya kai 1,024, 10² kuwa 100 ne kacal. A cikin lambobin ƙirga, 2 da 4 ne kaɗai mabambantan da suke yarda da musaya, don 2⁴ da 4² duk 16 ne. Su ma ki ɓoye su sai gaba.

Kunne yana jin "ɗagawa" sai ya sa ran ƙaruwa, kuma ba kullum ake samunta ba. Ɗaya ko an ɗaga shi zuwa pawa dubu yana nan ɗaya. Lambar da take tsakanin sifili da ɗaya kuwa raguwa take yi. Rabi pawa biyu shi ne rabin rabi, rubu'i. Rabi pawa uku, rabin rubu'i, sumuni. Yaran Kano ba baƙi ba ne a nan, duk wanda ya zauna a Islamiyya aka karanta babin gado ya ji waɗannan sunayen. Miji yana da rabi in matar ba ta bar ɗa ba, rubu'i in ta bari. Mata tana da rubu'i in mijin bai bar ɗa ba, sumuni in ya bari. Rabi, rubu'i, sumuni su ne (½)¹, (½)², (½)³.

Ta nan kuma pawa mai mainos take shigowa ba tare da faɗa ba. Ki jera abin da takarda ta bayar daga sama zuwa ƙasa: 2³ = 8, 2² = 4, 2¹ = 2, 2⁰ = 1. Duk saukowa ɗaya rabawa biyu ce. Ki tambaye su, in aka ƙara sauka fa? Pawa za ta zama −1, amsar kuma rabin ɗaya. Sai −2, rubu'i. Sai −3, sumuni. Wato mainos a pawa ba ya mayar da amsa bashi, umarni ne a ɗauki 1 a riƙa rabawa maimakon ninkawa. Masu rubuta 2⁻³ = −8 ko −6 a jarrabawa ba sa ƙarewa, kuma in ki bincika za ki tarar dokar aka ba su ba a nuna musu jerin ba. Sifili ne kaɗai ba ya shiga wannan layin, don ba a raba abu da sifili. 0⁰ kuma, a matakin sakandare, ki ce musu ba a ba shi amsa, ki wuce.

Dokokin indisis da suke cika shafi guda a littafi ba na ɓata lokaci a kansu, ƙirga ne kawai. 2³ × 2⁴: an yi aiki uku, an ƙara huɗu, bakwai ke nan, 2⁷. 2⁵ ÷ 2²: an yi biyar, an warware biyu, saura uku. (2³)²: uku-uku har zubi biyu, shida. Sharaɗin shi ne tushe ya zama ɗaya. A 2³ × 5² babu abin tarawa, sai a fitar da 8 da 25 a ninka, 200. Kuma babu wata doka ga 2³ + 2⁴, amsarsa 8 da 16 ne, 24, ba 128 ba.

Inda nake so ki daɗe shi ne pawa biyu da pawa uku, don su ne za su bi yaran nan har bayan sun ajiye biro. Pawa biyu tana da sunanta na kanta, sukwaya, ko murabba'i kamar yadda ake ji a rediyo, saboda ita ce girman fili mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa da faɗinsa suke daidai. Ki tambayi ajin: an sayar da fuloti mai ƙafa 50 da 50 a Danbare kan wani kuɗi, na gefensa mai ƙafa 100 da 100 nawa ya kamata a saya? Za su ce ninki biyu. Manya ma suna faɗawa wannan ramin, amma ban da dillalin fili. Shi ya san 50² murabba'in ƙafa 2,500 ne, 100² kuma 10,000, wato fuloti huɗu ne a kwance a ciki. Mai sa tayil ma ya san guda ɗaya mai santimita 60 da 60 yana rufe wurin da sai huɗu na 30 da 30 za su rufe.

Da filin nan ne za ki kashe kuskuren da ya fi kowanne yawa a aljebra, zaton cewa (a + b)² daidai yake da a² + b². A ce mai fuloti 50 da 50 ya sayi ƙarin ƙafa 10 ta gabas da ƙafa 10 ta kudu, filinsa ya koma 60 da 60, murabba'in ƙafa 3,600. Mai kuskure zai ce 50² + 10², wato 2,600. Ina dubu ɗaya ta shiga? Ki zana a allo. Ga tsohon filin, ga ɗan lungu 10 da 10 a kusurwar kudu maso gabas, ga kuma ziri biyu, ɗaya ta gabas ɗaya ta kudu, kowanne 50 da 10, ɗari biyar-biyar. Su ne 2ab ɗin da ake mantawa. Ki sa wanda ya ce 2,600 ya fito da kansa ya nuna filin da ya bar wa maƙwabci.

Pawa uku, kub, ta abin da yake da zurfi ce: tanki, rami, ɗaki. Tankin ƙasa mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi yana cin lita 1,000, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda arba'in. Mai mita biyu ta kowane ɓangare ba lita 2,000 yake ci ba, 2³ ne, lita 8,000. Daga nan awo yake rikicewa. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya 100² ne, murabba'in santimita 10,000. Hekta ɗaya mita 100 da 100 ce. Fili mai murabba'in kilomita 20 daban yake da fili mai kilomita 20 ta kowane gefe, wannan na biyun 400 ne. Ko a kan titi sukwaya tana aiki: tazarar da abin hawa yake ja bayan an taka birki tana bin sukwayar gudunsa ne. Ɗan adaidaita sahun da yake gudun kilomita 60 a awa a titin Zariya yana bukatar ninki huɗu na tazarar da mai gudun 30 yake bukata kafin ya tsaya.

Aikin ya girmi alamar da muke rubuta shi da ita nesa ba kusa ba. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljebra a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla yake lissafinsa. Abin da ba a sani ba, x ɗinmu, yakan kira shi shai'u, wato abu, ko jizru, wato saiwa, sukwayarsa kuma malu, dukiya. Kub shi ne ka'abu. Waɗanda suka biyo baya, irin su al-Karaji da ya yi zamani wajen shekara ta 1000, suka riƙa haɗa sunayen: malu-malu pawa huɗu, malu-ka'abu pawa biyar, ka'abu-ka'abu pawa shida. Ki lura, biyu da uku suka ba da biyar, dokar tara pawa ce take zaune a cikin sunan. Wahalar ita ce in ana son pawa goma sha ɗaya sai an ce malu-ka'abu-ka'abu-ka'abu. Ƙaramar lambar nan da muke maƙalawa a sama René Descartes na Faransa ne ya yaɗa ta a 1637, shi kansa kuma sau da yawa xx yake rubutawa maimakon x². Pawa mai mainos da mai rabi a irin rubutunmu na yau ta bayyana a wasiƙar Isaac Newton na Ingila ta 1676. Abin da ya ɗauki masana sama da shekara 800 kafin ya daidaita, yaron da ya rikice a kansa a makon farko yana da uzuri. A ƙasar Hausa ma akwai Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, Bakatsine, wanda ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai layuka mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi mai layi uku gida 3² ne, tara, mai layi biyar 25. In aka cika mai layi uku da lambobi daga 1 zuwa 9, jimlar kowane layi daga sukwayar take fitowa: a ƙara 1 a kan 9, a ninka da 3, a raba biyu, 15.

Akwai abu biyu na rubutu da suke cinye maki a banza. Na farko mainos da baka, wato alamar ( ). (−3)² tara ne, don mainos uku gaba ɗayanta aka ɗaga. −3² kuwa mainos tara ne, don pawa abin da yake manne da ita kawai take kamawa, wato 3, mainos ɗin yana jira a waje. Haka 2x³, x kaɗai aka ɗaga: in x biyu ce amsar 16, amma (2x)³ zai ba da 64. Kalkuletar sayans irin ta Casio tana bin wannan ƙa'idar, sai dai wanda ya buga =-3^2 a Excel 9 zai gani, manhajar tana da nata tsarin. A baki ma ki riƙa bambantawa, ki ce "mainos uku, dukanta, pawa biyu" in akwai baka. Na biyu aikin gida ta WhatsApp. In an kwafo tambaya daga wani wuri, ƙaramar lambar takan sauko ta zauna a layi, 2³ ya koma 23, 10⁶ ya koma 106, uwa ta zauna da yaro bayan isha'i suna fama da tambayar da ba ta da kai. Ki riƙa amfani da alamar ^, ki rubuta 2^3, ki sanar da iyaye ma'anarta. In ba haka ba ki rubuta da hannu ki ɗauki hoto.

Pawar goma ba ta da wuya, sifili kawai take ƙirgawa: 10³ dubu, 10⁶ miliyan, 10⁹ biliyan, 10¹² tiriliyan. Muna jin su a jere a labarin kasafin kuɗi har mu ɗauka kusa suke da juna. Sakan miliyan ɗaya kwana 11 ne da rabi, sakan biliyan ɗaya kusan shekara 32, tiriliyan ɗaya sama da shekara 31,000. Lambar sirrin katin ATM gurbi huɗu ce, kowane gurbi zaɓi goma, 10⁴, hanya 10,000. A ƙara gurbi biyu kawai ta koma miliyan. In kuma sun taɓa raka wani Farm Centre sayen memori, ki tambaye su me ya sa 8, 16, 32, 64, 128 suke gani ba sa ganin 50 ko 70. Kwamfuta da abu biyu take aiki, a kunne ko a kashe, shi ya sa ma'ajiyarta take tafiya a pawar 2, jerin nan dai da takarda ta ba su.

Tunda tushe da pawa ba sa musaya, hanyar komawa baya daga ɗagawa biyu ce. In an san pawa ana neman tushe, kamar a ce wace lamba ce in an ɗaga ta zuwa pawa 2 za ta ba da 49, wannan shi ne sukwaya rut. Ni saiwa nake ce masa, kamar yadda Larabawa suka ce jizru, don kada ya ci karo da tushen da muka riga muka ba lambar ƙasa. Pawa rabi ma shi ne: 9 pawa ½ in an ninka ta da 9 pawa ½, dokar tarawa ta ce 9 pawa 1 za a samu, to wace lamba ce in ta ninka kanta take ba da 9? Uku. In kuma an san tushe ana neman pawa, kamar 2 pawa nawa ne ya ba da 8, wannan shi ne logaridim, wanda John Napier ya fito da shi a 1614, wanda kuma za su haɗu da shi a babbar sakandare tare da teburin fo-figa, jadawalin da ake duba logaridim a ciki.

Littattafai sukan koyar da yadda ƙari yake hawa kan ƙari da kuɗin ruwan banki, abin da iyaye da yawa a nan ba sa son ji. Ba sai an je can ba, hauhawar farashi ta ishe mu misali. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A ɗauki 30 don sauƙin lissafi. A ce buhun hatsi naira 50,000 ne a Dawanau, kuma kowace shekara yana ƙara kashi 30. Mai tunanin tarawa zai ce shekara uku kashi 90 ke nan, buhu ya koma 95,000. Ba haka kasuwa take yi ba, don ƙarin baɗi a kan farashin bana yake hawa, ba a kan na bara ba. Duk shekara ninkawa ce da 1.3: 65,000, sai 84,500, sai 109,850. Wato 50,000 × 1.3³, kuma 1.3³ shi ne 2.197. Bambancin lissafin biyu naira 14,850 ne a buhu ɗaya. Sai ki juya musu tambayar: shekara nawa za a yi kafin buhun ya ninka kuɗinsa? 1.3² ya ba da 1.69, bai kai biyu ba, 1.3³ kuma ya wuce. Ki bar su su lalubo tsakanin da kalkuleta, 2.5, 2.6, 2.7, za su tsaya wajen 2.64, shekara biyu da kusan wata takwas. Logaridim suka nemo da hannunsu, ko da ba ki faɗa musu sunansa ba.